Abin da Na Rubuta a Kan Idon Irmiya

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Yau Irmiya ya ce min "Malam Yahuza."

Shekara ashirin da shida muna tare da mutumin nan, ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba. Ɗan Tsegumi yake ce min, ni kuma in ce masa Mai Ɓata Katako, a gaban kowa, har a gaban surukansa. Yau na isa rumfarsa ta bayan tasha, na yi sallama, sai ya miƙe tsaye. Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya ya miƙe min! Ya ce, "Malam Yahuza, sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?" Bai tsallake gaisuwa ko ɗaya ba. Ya ɗauki tsumma ya share benci ya ce in zauna. Bencin da ni na sa kafinta ya haɗa.

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Babbar motar Alhaji Usmanu na Kudan, mai bodin katako, wadda muka yi kwana goma a kan zanen bayanta, ba ta rumfar. Sai shatin tayoyi a cikin taɓo. Gauraka ce yake zanawa, tana tsaye a bakin gonar rake. An gama kai da wuya da fiffike ɗaya, ɗayan kuma alli ne kawai. Haka aka zo aka ɗauke ta jiya.

Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Na sha ruwan da ya ba ni na taho.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Zulai ta ce tun jiya nake zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta ce in ba zan yi wa matata magana ba in je in rubuta, tunda shi kaɗai na iya. To ga shi, zan rubuta yadda nake aika wa jarida, daga tushe.

Irmiya mutumin Paki ne, Kirista, mai zanen motoci. Duk wata babbar mota mai zaki ko gaggafa ko jirgin sama a bayanta da ta taso daga Ikara ko Makarfi ko Kudan a shekara arba'in ɗin nan, hannunsa ne. Ni kuma wakili ne a wannan yanki na wata jarida mai fitowa duk Juma'a. Mun haɗu ranar da na zo ɗaukar hoton wata mota, ya ce min in matsa, na tsaya ta inda ba ta da kyau, wai ko idona na ado ne.

Shekara biyu ke nan nasa idon yana tafiya. Hannun yana nan daram, layi ba ya karkace masa. Launi ne ya gudu. Kore da shuɗi duk ɗaya ne a wurinsa, ja da ruwan ƙasa duk ɗaya. Sai muka yi dabara. In ya samu aiki, in zo in zauna a benci in buɗe jarida kamar mai karatu. Gwangwanayen fenti bakwai ne a jere. In ya miƙa hannu ga wanda ba shi ba, in ce "na uku" ƙasa-ƙasa ban ɗago kai ba. In burushi ya kusa tsallake iyaka, in yi gyaran murya. Direbobi su zo su ce, kai ɗan jarida ba ka da aikin yi ne? Mu yi dariya. Ko Linda, 'yarsa da ke gida tare da shi, ba ta san abin ya kai haka ba.

Juma'ar da ta wuce jaridarmu ta fito da labarinsa, shafi guda cur har da hoto. Ni na rubuta. Sakin layi biyar na farko yabo ne zalla. A na shida na faɗi abin da muke yi a benci.

Ranar Asabar wani gidan rediyo ya karanta shi a sharhin jaridu. Direbobi ba sa sayen jarida, amma rediyonsu ba ya mutuwa.

Don a taimaka masa na yi. Na so in sa wallahi a gaban wannan jimlar, hannuna ya ƙi.

Laraba, bayan Magariba

Na kira wayarsa sau huɗu. Tana shiga, ba ya ɗauka.

Alhamis, 7 ga Agusta, da Azahar, Makarfi

Na zo ɗaukar labarin rabon taki, ban ɗauki komai ba. A wurin mai shayi na ji cewa motar Zakiyyu direba ta faɗa rami ranar Lahadi da lodin masara, kafin a shigo gari. Ya karye a ƙafa, amma yana da rai, alhamdu lillahi. Bara Irmiya ya zana bayan motar. Damisa ce a kan dutse, ni na zaɓa masa ruwan ɗorawa.

Sai wani direba mai furfura a gemu, wanda ya isa a ce yana da hankali, ya ajiye kofi ya ce, "Ai dama. Motar da makaho ya zana ina za ta ga hanya?"

Na ce, "Me ka ce?"

Ya maimaita. Kuma mutum biyar suka gyaɗa kai!

Haba jama'a! Zakiyyun da kowa ya san tayoyinsa sun suɗe tun kafin azumi? Zakiyyun da ke tuƙi yana gyangyaɗi? Na faɗa musu haka, murya ta fi yadda na so tashi. Mai gemun ya dube ni ya ce, "To ai mu ba mu ce komai ba, Malam. A jarida aka faɗa." Bai san ni ba ne. Da ya sani ma ban san abin da zai canza ba.

Na bar shayin a nan.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan masallaci

Na ga ta farko. Tana fita daga tasha, bayanta baƙi ƙirin, an shafe shi da fentin ƙofa, har yana tsiyaya. Na san abin da ke ƙarƙashi. Zaki ne da maciji, mun yi shi da sanyin bara, Irmiya yana ta mita wai macijin ya fi kama da igiyar guga. Na tsaya a bakin titi da darduma a hammata har ta ɓace.

Kafin in iso gida na ga ta biyu.

Shi ba zai gan su ba. Na kama kaina ina jin sauƙi da wannan tunanin, sai na ji kunyar kaina ta rufe ni.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Ruwa tun Asuba. Ban fita ba. Waya tana shiga.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Na bari sai da aka taso daga coci, na ba su lokacin cin abinci, sannan na je gidan. Linda ce ta fito. Yarinyar nan a hannuna ta koyi karatu, ni na raka ta Zariya ranar da ta fara makarantar koyon jinya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta.

Ta ce, "Baba Yahuza, yana hutawa."

Na ce zan jira. Ta ce zai daɗe. Na ce, "Linda, 'yata, ki saurare ni. Na yi ne don wani mai hali ya gani ya kai shi a yi masa aiki."

Sai ta saki labulen da take riƙe da shi. Ta ce, "Wane aiki? Shekaranjiya ya faɗa min komai. Ashe kai ka kai shi wurin likita a Zariya, ni ina nan ban sani ba. Kana zaune likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran. Da kunnenka ka ji. To wane taimako, Baba Yahuza? A rediyo na ji cewa ubana ba ya gani. Ina cikin ba wa mara lafiya magani na ji, a rediyon wani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na samu abin kamawa.

Daga ciki na ji tarinsa. Ba barci yake ba. Na ce ta gaishe shi, ta ce zai ji.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Hajiya Mukarrama, editarmu, ta kira daga Kaduna tana ta sa min albarka. Wai ba a taɓa karanta wani labari nawa kamar wannan ba, har daga ƙasashen waje ana turo saƙo. Wai in shirya kashi na biyu, in samo hoton idon kusa-kusa. Na ce mata sabis ba shi da kyau, na kashe.

Shekara ashirin da takwas ina jiran wannan kiran. Ikon Allah.

Talata, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Na yi abin da ake yi. Na je na sami Fasto Simeon, limamin cocinsu, dattijon da Irmiya ba ya iya ƙi wa magana, na roƙe shi ya shige min gaba. Muka je rumfa tare. Mun same shi yana wanke burushi a kananzir. Burushin a wanke suke, ba abin da aka taɓa da su kwana takwas.

Na cire takalmi na tsuguna. Ni da jikokina biyu. Fasto ya yi magana mai kyau, ya ce ɗan'uwanka ya yi kuskure ya zo da kansa, ya kawo maganar yafiya daga littafinsu, ni ma na kawo daga namu. Irmiya ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba komai. Ya wuce. Malam Yahuza, tashi mana, ƙasa da sanyi."

Fasto ya ji daɗi, ya yi addu'a, muka shafa. A hanya yana ce min ka gani ko, zuciyarsa fara ce.

Ni na san wannan "ba komai" ɗin. Na ji ya faɗa wa ƙaninsa ita a kan maganar gonar Paki, yau shekara goma sha biyu ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da Azahar, Kudan

Na hau mashin na zo wurin Alhaji Usmanu. Hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. Motar tana ƙofar gidansa, an lulluɓe bayanta da tamfol. Iska ta ɗaga gefe, na hango ƙafar gauraka.

Alhaji mutumin kirki ne, wannan ne ya ƙara ɓata min rai, don ba wanda zan yi wa faɗa. Ya ce, "Malam Yahuza, motocin mahaifina duk Baba Irmiya ya zana su. Ni ban yarda da wannan canfin ba, Allah ne ke tsarewa. Amma direbobina uku, kowa ya ce ba zai hau ta ba. Matansu ma sun shiga maganar. Mota sabuwa tana zaune, kaka na tafe. Ka ce in yi yaya?"

Na ce ya tara su in yi musu bayani. Ya yi murmushi ya ce bayanina ne ai ya kawo mu nan.

Sannan ya faɗi abin da suka yanke da shugaban direbobi. In jaridar da ta faɗa ta fito ta ce kuskure ne, idon Baba lafiya lau, za a karanta a tasha, a hana shafe motoci, a mayar masa da wannan ya ƙarasa. In ba haka ba, bayan Juma'a ta sama zai kai ta Makarfi a kankare, a manna mata hoton leda irin na inji.

Na ce, "Alhaji, ai ba kuskure ba ne."

Ya ce, "Na sani. Ni dai abin da zai kashe wutar na faɗa maka."

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Ban taɓa janye labarin da na san gaskiya ne ba. Ko sau ɗaya. Lokacin da na rubuta maganar rijiyoyin da aka ce an haƙa a Likoro alhali ba ko rami, kwana uku na yi a tsare, aka ce in sa hannu a takarda in tafi gida, na ƙi. Irmiya ne yake kawo min tuwo a kwanon sha, yana ce wa masu gadi ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya. Suna kallon sunansa suna kallon nawa.

Bayan na fito, duk inda muka zauna sai ya ce, "Wannan da kuke gani bakinsa ba ya rufuwa, amma ba ya ƙarya." Da haka yake gabatar da ni.

Alhamis, bayan La'asar

Motoci shida yanzu aka shafe. Na daina zuwa ta titin tasha, sai ga ɗaya ta biyo ni har layinmu ta sauke buhunan taki.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Bari in faɗa, tunda ba mai karanta wannan littafin sai ni.

Ba don taimako na rubuta ba. Tun ranar da muka fara zaman bencin nan na san labari ne. Ina cewa "na uku," wani ɓangare na kaina yana jera jimloli. Shekara biyu ina riƙe da shi yana min ƙaiƙayi. Na gaji da rabon taki da rikicin kansiloli da farashin tumatir. Na so sau ɗaya a rayuwata in rubuta abin da mutum zai karanta ya ajiye jarida ya yi shiru. Kuma na rubuta, ya yi kyau, Allah ya sani ya yi kyau. Ban tambaye shi ba don na san abin da zai ce.

Shi ke nan. Ba wani mai hali, ba wani asibiti. Ni ne.

Asabar, 16 ga Agusta, da Azahar

Na rubuta gyaran. Layi huɗu, ya ci min awa uku.

Na kira Hajiya Mukarrama na karanta mata. Ta ce, "Yahuza, ƙirƙirar labarin ka yi?" Na ce ta buga kawai. Ta ce in ta buga wannan, sunana ba zai sake fitowa a jaridar ba, kuma ba wata jarida da za ta ɗauke ni, in sani. Na ce na sani. Ta ce in aiko kafin Laraba da rana in har ban dawo hayyacina ba.

Abin mamaki, na ci abinci sosai yau. Har na nemi ƙari.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Magariba

Na nuna wa Zulai, ina jiran ta ce na yi abin kirki, ko ta yi kukan me za mu ci. Tana tsince shinkafa, ba ta ma ɗago ba. Ta ce, "Ka tambaye shi?"

Na ce wa?

Ta ce, "Mai idon. Karo na biyu ke nan za ka sa sunansa a jarida bai sani ba. Kai dai, Malam, ba ka jin magana."

Na yi fushi, na ce mata ba ta san aikin jarida ba. Ta ce ƙwarai, ba ta sani ba. Na fita na zagaya layi sau biyu na dawo. Shekara talatin matar nan tana yi min haka.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Na je gidan da hantsi, lokacin da na san Linda tana asibiti. Yana zaune a ɗakinsa na waje, ƙofa a buɗe, yana fuskantar haske. Kafin ya fara jero min gaisuwa na ce, "Yaya Irmiya, don girman Allah kar ka tashi." Ban taɓa ce masa Yaya ba. Bai tashi ba.

Na faɗa masa abin da Alhaji Usmanu ya ce, na miƙa masa takardar. Ya karɓa, ya shafa ta da yatsa, ya miƙo min. Ya ce, "Karanta min. Ka fi kowa sanin dalili."

Na karanta. "Gyara. A fitowarmu ta ɗaya ga Agusta wakilinmu ya rubuta cewa Malam Irmiya mai zane na Ikara yana fama da ciwon ido. Wannan ba gaskiya ba ne, idonsa lafiya ƙalau. Wakilin ya amsa laifinsa. Muna ba Malam Irmiya da masu karatu haƙuri."

Ya ce, "Sake karanta wurin lafiya ƙalau ɗin."

Na sake. Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

Ya ce, "In aka buga, me zai same ka?" Na faɗa masa. Ya ce, "To. Sai su dawo min da mota, su zagaye ni su ashirin suna kallon hannuna, kai kuma kana benci kana tari kamar mai fuka. Sai yaushe? Sai na zana wa wani jan rake?"

Na ce aƙalla za a daina shafe motocin.

Ya ce, "Nawa aka shafe?" Ashe ba wanda ya faɗa masa. Na ce shida. Ya tambayi waɗanne. Na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya, da sunan direba da abin da ke jiki. Da na zo kan zaki da maciji ya ce, "Wannan dama macijin bai yi kyau ba." Sai ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin Irmiya yana kuka ba, ko ranar da aka binne matarsa. Yau ma ban ce na gani ba, bango yake kallo.

Da ya juyo ya ce, "Kana tsammani don an sani ne nake fushi? Dole a sani. Tun Ista nake shirya yadda zan faɗa. Na ce in na gama gaurakar nan, in tara su a rumfa, in sayo goro, in ce jama'a ga ta ƙarshe, kuma ga yadda aka yi ta. In nuna ka in ce ga idona. Har kalmomin na tanada. Shekara arba'in ina yi wa mutane ado a bayan mota, abu ɗaya na so in yi wa kaina, in sauka da ƙafata. Ka ƙwace min a baki, Yahuza. Ka kai wa mutanen Kaduna."

Na ce masa ba don taimako na yi ba, na faɗa masa don me. Ya ce, "Na sani tun ranar. Ina jira ne in ji ko za ka faɗa."

Ya ce in yaga takardar. Na ce aikina ne, ni na ga dama in ba da shi. Ya daka min tsawa, har akuyar gidan ta zabura. "Ka ɗauke min ido a jarida, yanzu kuma za ka mayar min da na ƙarya? Wa ya aike ka? Yaga!"

Na yaga.

Ya ce gobe kasuwa, direbobi duk suna tasha. In zo da hantsi. Na ce in zo in ɗauke shi? Ya ce a'a, in tsaya can baya, kuma kar in buɗe baki.

Litinin, bayan Magariba

Na kira Hajiya na ce ba gyara, ba kashi na biyu. Ta ce Allah ya shirye ni. Amin.

Me zai ce musu? Na kasa zama. Zulai ta ce in na sake zagaya tsakar gidan nan za ta ɗaura min tsintsiya a ƙafa.

Talata, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Ya zo da kayan cocinsa, farar riga da hula, shi kaɗai. Daga gidansa zuwa tasha ya san hanya da ƙafa. Direbobi sun fi talatin a rumfar ƙungiya, Alhaji Usmanu ma ya zo. Na tsaya baya kusa da mai gyaran taya kamar yadda aka ce min.

Ya gaishe su, suka amsa a daburce. Ya ce, "Abin da kuka ji a rediyo gaskiya ne. Ba na ganin launi shekara biyu ke nan, yanzu fuskokinku ma inuwa ce. Na ɓoye muku, wannan laifina ne, ku yafe min." Sannan ya fara kiran motocin da ya zana a shekara biyun, da sunan mai kowace. Goma sha tara. Ya ce, "Sau nawa suka je Legas suka dawo? Ni bayan mota nake zanawa, direba gaba yake kallo. Zakiyyu ɗana ne, na je na duba shi jiya, ku tambaye shi tayoyinsa. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya shafe, motarsa ce, ba na riƙe kowa."

Ya juya wajen da ya ji muryar Alhaji ya ce, "Usmanu, gaurakarka ba zan ƙarasa ta ba. Na ajiye burushi daga yau. Ka yi yadda ka ga dama da ita."

Wani ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Wani a gefena ya yi ƙunƙuni wai duk da haka dai. Ban san abin da Alhaji zai yi da motar ba, kuma ban san ko za a daina shafewa ba. Irmiya bai jira ya ji ba. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, bai nuna ni ba.

Ya juya zai fita, sai ga kasuwa ta cika, mashina da amalanke da buhuna sun toshe hanyar da ya biyo da safe. Ya tsaya. Na ga ƙafarsa tana laluben ƙasa. Mutum talatin suna kallo. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina mutumin nan yake?"

Na zo. Ya ɗora hannu a kafaɗata, a gaban kowa. Hannun ya fi yadda na zata nauyi. Muka shiga cikin kasuwa, ina gaba yana baya, mutane suna darewa. Wata mai tumatir ta ce Allah Sarki, na ji yatsunsa sun matse min ƙashi.

Sai da muka wuce 'yan hatsi ya yi magana, a daidai kunnena.

Ya ce, "Kar ka ɗauka na yafe maka. Ban yafe ba tukuna."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To rage sauri."

Na rage.